Rasit ɗin Tausa da Katin Tamin: Nazarin Ciwon Bayan Wani Direba a Jidda

Mutumin da wannan nazari ya shafa direba ne a wani kamfanin rarraba kayan abinci mai sito a Khumra, kudancin Jidda. Mutumin ƙasar Kano ne, ya ba hamsin baya, kuma ya daɗe a Saudiyya da igamarsa, wato takardar izinin zama, a hannun kamfanin. A unguwarsu ta Sabil yara da manya Kawu suke ce masa, da wannan sunan za mu tafi. Kamfaninsa da kamfanin inshorar da asibitocin da ya shiga duk ba za a ambaci sunansu ba, domin abin da ake son a gani shi ne yadda tsarin yake aiki, da inda mutum irin Kawu yake tuntuɓe a cikinsa.

A takarda aikinsa tuƙi ne. A zahiri, in ya isa bakin bakala, wato kantin unguwa, da kaya, ba wanda zai sauke masa, shi ne direba shi ne ɗan dako. Wata safiya yana sauke buhunan shinkafa masu kilo 40, ya juya da buhu a kafaɗa, sai ya ji ƙugunsa ya riƙe. Ya ƙarasa aikin ranar da ƙyar. Ya dai faɗa wa mushrif ɗinsu, wato mai sa ido a kansu a wajen aiki, da baki cewa bayansa na ciwo, shi kuwa ya ce masa salamat, ya huta gobe. Babu wanda ya rubuta komai.

Abin da ya biyo baya duk Bahaushe ya san shi. Matarsa ta gasa masa wajen da ruwan zafi da tsumma, aka shafa man zafi. Da abin ya ƙi, wani abokinsa ya kai shi wajen wani dattijo a unguwar Karantina da ya yi suna wajen tausa da gyaran targaɗe. Aka yi masa ƙaho, wanda a nan hijama ake cewa. Kowanne ya ba shi sauƙin kwana ɗaya ko biyu, sannan ciwon ya dawo, musamman in ya daɗe zaune a mota. A sati na uku ne ya shiga wata cibiyar tausa ta maza a bakin babban titi, mai lasisin baladiyya, wato hukumar birni, a manne a bango, da ma'aikata cikin farar riga kamar ta asibiti. Wanda ke karɓar kuɗi ya ce masa in ya sayi zama goma a haɗe za a yi masa ragi, ya biya riyal 1,200. Da Kawu ya ciro katin tamin ɗinsa, wato na inshorar lafiya, mutumin ya ce su ba sa karɓar kati, amma ya adana rasit, kamfanin inshora zai mayar masa da kuɗinsa. Wannan maganar ce ta sa ya zaro kuɗin, domin ba ƙaramin kaso ba ne na albashinsa.

Ya yi zama shida, ya tura hotunan rasit ta manhajar kamfanin inshorar da taimakon ɗansa. Amsa ta zo a gajarce: ba a cikin abin da wasiƙar inshora, wato takardar yarjejeniyar, ta ƙunsa.

Me ya sa aka ƙi

Kawu yana da 'yar ƙanwa haifaffiyar Jidda, ubanta Bahaushe ne ɗan ƙasa, tana aiki a teburin inshora na wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti. Ita ya kai wa kuka. Ta duba rasit ɗin ta ce, "Kawu, wallahi ko ni ce a kamfanin, wannan takardar ba zan iya biyanta ba. Babu sunan ciwo, babu sa hannun likita, wajen ma ba asibiti ba ne." Ya ce mata ai sauƙin da ya samu a can ya fi na ƙwayoyin da ya sha. Ta ce ba ta musa ba, amma ba sauƙi suke biya ba.

Tana da gaskiya, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina tsarin tun farko. Dokar inshorar lafiya ta haɗin gwiwa ta fito a 1999, ita ce ta kafa majalisar da ake kira Majlisud Daman As-Sihhi. Daga tsakiyar shekarun 2000 aka fara tilasta wa kamfanoni masu zaman kansu su yi wa ma'aikatansu baƙi inshora, har aka ɗaure ta da sabunta igama: babu tamin, babu sabuntawa. Majalisar ta fitar da wasiƙa guda ta bai-ɗaya wadda kowane kamfanin inshora, Bupa Arabia ne ko Tawuniya ko MedGulf ko wani, ba zai sayar da abin da ya gaza ta ba. An sabunta ta a Oktoban 2022, aka ɗaga iyakar abin da za a kashe wa mutum ɗaya a shekara daga riyal 500,000 zuwa miliyan ɗaya. Mutane suna jin wannan adadi sai su ɗauka kamar kuɗi ne aka ajiye musu su ci yadda suka ga dama. Alhali wasiƙar tana da jerin abubuwan da aka cire ƙarara, kuma biyu daga ciki sun faɗa kan Kawu kai tsaye: abin da aka yi don shaƙatawa da lafiyar jiki ta gaba ɗaya, da kuma magungunan gargajiya da sauran hanyoyin da ake kira ɗibbul badil. Tausar cibiya ta shiga na farko, hijama da dattijon Karantina sun shiga na biyu.

Lasisin da ya gani a bango ma ya ruɗe shi. Lasisin baladiyya izinin buɗe shago ne, kamar na mai aski. Asibiti kuwa izininsa daga Ma'aikatar Lafiya yake, kuma duk mai taɓa majinyaci a cikinsa sai yana da rajista da hukumar tantance ma'aikatan lafiya ta ƙasar, wadda aka kafa a 1992. Ko hijama da gwamnati take ba wa lasisi ta hannun cibiyarta ta magungunan da ba na asibiti ba, samun lasisin bai sa ta shiga wasiƙar inshora ba. Sannan mayar da kuɗi a kan rasit, wanda mai karɓar kuɗin ya yi masa alƙawari, an tanade shi ne musamman don larurar gaggawa, inda mutum ya faɗa asibitin da ba ya cikin jerin na katinsa. Ciwon baya na sati uku ba gaggawa ba ne a idon kowa.

Shin mai karɓar kuɗin yaudara ya yi ko jahilci? Ni ina ganin duka biyun sun haɗu. Akwai manyan ma'aikata da kamfanoninsu ke saya musu ƙarin fa'idodi a saman wasiƙar bai-ɗaya, wataƙila ya taɓa ganin wanda aka mayar wa kuɗi. Amma wanda ya ga direba da katin aji na ƙasa, ya kuma ce masa ya biya za a mayar, ya san abin da yake yi. Katunan nan aji-aji ne, daga VIP zuwa A da B da C, kuma leburori da direbobi galibi a na ƙarshen suke, asibitocin da za su iya shiga ƙalilan ne.

Hanyar da kati ya sani

'Yar ƙanwar tasa ta ce masa akwai tausar da tamin ke biya, amma a cikin ɗakin gashi take, abin da ake kira ilajuɗ ɗabi'i, kuma ƙofarta likita ne. Ta duba masa jerin asibitocin katinsa, ta zaɓi wani mustausaf da ke da sashen gashi, ta ce ya fara da likitan gama-gari, kada ya tsallaka wajen likitan ƙashi kai tsaye. A tsarin 2022, wanda ya je wajen ƙwararre da takardar turawa kason da yake biya daga aljihunsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan wanda ya kai kansa.

Likitan ya yi abin da ya kamata. Ya tambaye shi ko ciwon na sauka ƙafa, ko akwai mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, ko fitsari ko bayan gida na kubce masa, ko yana zazzaɓi ko rama. Waɗannan su ne alamomin da in suna nan ba maganar tausa ake yi ba, maganar gaggawa ake yi, kuma babu ɗaya daga cikin mutum ukun da suka taɓa bayan Kawu kafin nan da ya yi masa ko ɗaya daga tambayoyin. Kawu bai da ko ɗaya daga alamomin. Likitan ya gano yana da hawan jini, ya ce ya rage ƙwayoyin kashe ciwo irin su diclofenac da yake saya a kemis, saboda ƙoda. Sannan ya tambaye shi yaya abin ya fara. Kawu ya faɗi gaskiya: yana sauke buhu a wajen aiki. Likitan ya rubuta haka, ya nemi amincewar zaman gashi goma sha biyu.

Irin wannan neman yanzu ta dandalin Nafis yake tafiya, wanda ya haɗa asibitoci da kamfanonin inshora. Ƙa'ida ta ce kamfanin ya ba da amsa cikin minti 60. Amsar ta zo da wuri: an ƙi, rauni ne na aiki.

A nan ne lamarin ya yi nauyi, kuma a nan ne asarar gaske take, ba a riyal 1,200 ba. Wasiƙar bai-ɗaya ta cire duk ciwo ko rauni da ya taso kai tsaye daga sana'ar mutum. Ba don a bar ma'aikaci a rana aka cire shi ba, don yana da wata jakar daban ne, wato Ta'aminat, hukumar inshorar ma'aikata. Kowane kamfani yana zuba kashi 2 cikin 100 na albashin ma'aikaci, baƙo ko ɗan ƙasa, a reshen haɗurran aiki, kuma ba a cire ko halala daga albashin ma'aikacin. In aka tabbatar rauni na aiki ne, hukumar ce ke ɗaukar maganin gaba ɗaya, har da gashi, babu kason majinyaci, ta kuma biya shi alawus na kwanakin da bai iya aiki ba. Wato jakar da ta fi kowace amfani gare shi ita ce bai ma san da ita ba. Amma tana da lokaci: ma'aikaci ya sanar da kamfaninsa cikin kwana 7, kamfanin ya sanar da hukuma cikin kwana 3 da saninsa. Kawu ya zo bayan fiye da wata guda, babu rubutu, babu takardar asibiti ta ranar.

Ya koma wajen mushrif. Mutumin ya ce ya tuna an yi maganar ciwon baya, amma bai tuna an ce masa a bakin aiki ne ba. Ofishin ma'aikata suka ce lokaci ya wuce. Suna da dalilin noƙewa da ba su faɗa ba: rahoton zai nuna direba yana aikin dako, zai kuma nuna sun yi jinkirin sanarwa. Ya iya matsawa, ya kai maganar Ta'aminat da kansa, abokin aikinsa da ke tare da shi ranar ya ce zai ba da shaida. Kawu ya ƙi. Igamarsa saura 'yan watanni ta ƙare, yana da yara uku a makaranta, ya ce ba zai yi shari'a da wanda ke riƙe da takardunsa a kan ciwon baya ba. Mai karatu da ke zaune a Kano ko Zinder zai iya cewa tsoro ne. Wanda ya zauna a ƙarƙashin kafili, wato ubangidan da igamarsa ke hannunsa, ya san lissafi ne, ko da lissafin bai yi daɗi ba.

Sai ya zo wa 'yar ƙanwarsa da shawarar da abokansa suka ba shi a majalisa bayan Isha: a je wani mustausaf daban, a ce a gida ya tashi da ciwon. Ko kuma a roƙi likita ya goge layin. Ta ce, "Kawu, don Allah kar ka sa ni a wannan. Abin da aka tura ya riga ya zauna a wajensu, in labari ya canza za su gani. Kuma in an kama, likitan da ni da kai duk mun shiga uku." Ya yi fushi, ya ce 'ya'yan yanzu ba su san zumunci ba. Kwana biyu bai ɗaga wayarta ba.

Abin da ya buɗe ƙofar ba dabara ba ce. Ita ce ta tambaye shi ko wannan ne karon farko da bayan ya taɓa damunsa, ya ce ina, shekaru ke nan yana fama, har ya taɓa zuwa asibiti a kansa shekara biyu da suka wuce aka ba shi allura. Aka nemo wannan tsohon fayil. Aka tura shi wajen likitan ƙashi, aka yi hoto, ya nuna zaizayewar da shekaru da zaman mota ke kawowa a ƙasan gadon baya. Likitan ƙashin ya rubuta cikakken taƙarir, wato rahoton likita: ciwon baya daɗaɗɗe, mai tarihi a rubuce, wanda ya tsananta kwanan nan. Bai ɓoye maganar buhu ba, ya dai sa ta a muhallinta. Mustausaf ya sake turawa da taƙarir ɗin da tsohon fayil, kamfanin inshora ya amince da zama shida, ya ce sauran sai an kawo rahoton ci gaba.

Duka bayanan biyu gaskiya ne, kuma wannan shi ne abin da ke da wuyar haɗiyewa a lamarin. Bayan mutum mai shekara hamsin da ya yi shekaru yana tuƙi da dako ba ya rabuwa gida biyu, wannan na aiki wannan na tsufa. Tsarin ne ke buƙatar a raba, domin jaka biyu ce, kowace tana neman dalilin tura shi ga ɗayar. Da an sake ƙi, akwai sauran mataki: ƙorafi a rubuce ga kamfanin, sannan ga hukuma mai sa ido. A 2023 aka kafa Hukumar Inshora ta ƙasa, wadda daga 2024 ta karɓi kula da kamfanonin inshorar lafiya. Bai kai ga nan ba.

A ɗakin gashi

Ranar farko ya fito yana ƙorafi. An ɗora masa abin zafi, an manna masa wayoyin na'urar da ke tsikarar fata da lantarki na wani lokaci, sannan mai gashin, wani Bamisire, ya sa hannu ya tausa masa ƙugu na kamar minti goma, ya ƙare da koya masa motsa jiki a kan tabarma. Kawu ya ce a cibiya awa guda cur ake yi masa da mai, nan kuwa aiki aka ba shi ya tafi da shi gida.

Ƙorafin nasa rabinsa daidai ne. Tausa ba camfi ba ce. A 2017 ƙungiyar likitoci ta American College of Physicians a Amurka ta sa ta, tare da ɗumama wajen da zafi, cikin abin da za a fara gwadawa a sabon ciwon baya kafin a kai ga ƙwaya. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta ce ciwon baya gaba ɗaya, sabo da daɗaɗɗe, ya shafi mutum miliyan 619 a 2020, ta kuma lissafa tausa cikin abin da za a iya bayarwa. Amma binciken da aka tattara ya nuna sauƙinta na ɗan lokaci ne, shi ya sa hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila tun 2016 ta ce a yi aikin hannu ne kawai a haɗe da motsa jiki. Wannan shi ne rabin da Kawu bai so ji ba. Rabin da yake da gaskiya a kai kuwa shi ne na'urar lantarkin: ita wannan jagorar ta Ingila ta ce kada a ba da ita don ciwon baya, haka ma ɗamarar baya da yake ɗaurawa in zai yi tuƙi. Amma ita ce ke cin mafi yawan lokacin zaman, saboda ma'aikaci ɗaya zai iya manna wa mutum uku a ɗakuna uku, hannunsa kuwa mutum ɗaya kawai zai iya taɓawa. Inshora tana biyan zaman ne a dunƙule, ba ta tambayar minti nawa hannu ya yi aiki. A ganina majinyaci yana da haƙƙin ya ce a rage masa na'ura a ƙara masa hannu da motsa jiki, kuma Kawu ya faɗa a zama na uku, bayan an zuga shi. Bamisiren ya yi dariya ya ce da Larabci mafi mushkila, ya Hajji, wato babu matsala, ya ɗan ƙara.

Abin da ya fi canza masa rayuwa ba a kan gadon gashi aka yi shi ba. Mai gashin ya ce ya daina kwanciya yini guda in ciwon ya motsa, ya riƙa tafiya a ƙasa bayan Asuba, ya riƙa tsayawa ya miƙe in tuƙi ya yi tsawo, ya kuma nuna masa yadda zai durƙusa ya rungumo kaya a jikinsa maimakon ya sunkuya ya juya. Ya tambaye shi sallah, ya ce ruku'u ne ke ba shi wahala, suka yi aiki a kan wannan. Bayan zama shida aka aika rahoto, aka ƙara masa huɗu. Goma ke nan cikin sha biyun da aka nema.

Lissafin ƙarshe

Riyal 1,200 na cibiya sun tafi, zama huɗun da suka rage bai koma ya yi ba, sun kuma ce ba sa mayar da kuɗi. Abin da ya ba dattijon Karantina da mai hijama ba ya ma lissafa shi. A mustausaf, kason da ya biya na ganin likitoci biyu da hoto da zaman gashi goma duka bai kai rabin kuɗin cibiyar ba, ko da an haɗa da harajin kashi 15 cikin 100 da baƙo ke biya a asibitin kuɗi, wanda gwamnati ke ɗauke wa ɗan ƙasa.

Sai kwanakin da ya kwanta a gida a satin farko da na biyu. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya na kwana 30 da cikakken albashi, sannan 60 da kashi uku cikin huɗu, amma sai da takardar likita. Shi ba shi da ita, domin a lokacin yana hannun masu tausa, sai kamfanin ya rubuta masa fashi ya yanke albashin kwanakin. Da ya nemi likita ya rubuta masa daga baya, aka ce takardar hutu yanzu ta kwamfuta ake fitar da ita da ranar da aka ga majinyaci, ihu ne bayan hari.

Likitan ƙashi ya ba shi takarda cewa kada ya ɗauki kaya mai nauyi na wata uku. Kamfanin ya haɗa shi da wani yaro ɗan Bangaladash mai sauke kaya, wanda dama haka ya kamata a yi tun farko. Wata ukun sun cika, an mayar da yaron wata motar. Kamfanin kuma ya sanar cewa a sabuwar shekarar kwangila zai koma wani kamfanin inshora, don haka 'yar ƙanwar tasa ta sa an buga masa taƙarir ɗin likitan ƙashi da hoton da rahoton mai gashi a takarda, saboda sabon kamfanin zai nemi a fara neman amincewa daga farko, kuma ba tabbas mustausaf ɗin yana cikin jerinsu.